Dan Allah ina neman shawara: ma'anar suna tana bin yaro ne?

Dan Binuwai (Garwa):

Assalamu alaikum yan uwa. Allah ya sauki iyalina lafiya ranar alhamis din nan, an samu mace, ita da uwar duk kalau alhamdulillah. Suna alhamis mai zuwa in Allah ya kaimu, rago ma yana nan daure a tsakar gida amma har yanzu banyi wa yarinyar huduba ba saboda magana ta tsaya tsakanin Inna da mai jego.

Inna tun cikin yana karami take cewa in mace ce sunan mahaifiyarta za a saka, Hadizatu, Allah ya jikanta, kuma gaskiya nima ina so don a dakinta na tashi. Mai dakina da farko bata ce komai ba sai da ta gani a wani shafin Facebook na ma'anar sunaye wai Khadija yana nufin jaririyar da aka haifa bata cika wata tara ba, wato bakwaini. To abinda yasa abin ya tsaya mata a rai haihuwarta ta fari bakwaini ne, namiji, ya koma tun kafin suna, tun daga lokacin ko kalmar bata son ji. Tace ita wlh bata ki kakata ba amma bazata iya kiran yarta da sunan da kullum zai rika tuna mata wancan ba, kuma tana tsoron kar abin ya bi yarinyar in ta girma tazo haihuwa. Ita Afnan take so ko Tasnim tace duk a Alkur'ani suke. Inna kuma tace ita bata san wani Afnan ba, tunda take a Garwa bata taba jin tsohuwa mai wannan sunan ba.

Shin da gaske ma'anar kenan? in kuma hakane abin yana bin mutum? sannan waye yake da hakkin zaben suna a addini. Dan Allah masu sani ku taimaka min, ban son in bata wa ko daya daga cikinsu.

Almajirin Marwa:

Wa alaikumus salam. Barka da arziki angon ƙarni, Allah ya raya ta bisa sunna, ya ba mai jego lafiyar shayarwa.

Abin da ta gani ba ƙarya ba ne. A Larabci khadij shi ne ɗan da ya zo kafin lokacinsa ya cika, daga nan sunan ya samo asali, don Larabawan da su ma suna sa wa yaro suna da halin da ya zo a ciki, yadda kakanninmu ke cewa Tanko ko Gambo. Saboda haka kar ka je ka ce mata shirme aka rubuta, za ta sake dubawa ta ga haka ne, daga nan kuma duk abin da ka faɗa ba za ta yarda ba.

Kuma ma'ana ba abin wasa ba ce a addini. Annabi (SAW) ya canza wa mutane sunaye da kansa. Wata 'yar Sayyidina Umar sunanta Asiya da ainun da sadi, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Nana Juwairiyya da Nana Zainab bint Jahsh dukkansu Barra ake ce musu, wato mai nagarta, ya canza. Kakan Sa'id bin Musayyib sunansa Hazn, ƙasa mai tauri mai wuyar bi, Annabi ya ce masa a'a kai Sahl ne, mai sauƙi, sai ya ce ba zan canza sunan da ubana ya sa mini ba, Sa'id ya ce tun daga nan taurin bai bar gidansu ba. Wannan yana cikin Bukhari. To wanda ya ce maka suna ba ruwansa da mutum bai karanta waɗannan ba.

Amma ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Shi wannan Annabin da ya canza Hazn ya canza Barra, ya zauna da Nana Khadija kusan shekara 25, ya fi kowa sanin Larabci, bai taɓa ce mata sunanki yana da matsala ba. Ita ce farkon wanda ya yi imani da shi, ita ta haifa masa duk 'ya'yansa in ban da Ibrahim, ita Jibrilu ya kawo wa gaisuwa daga Ubangiji da bisharar gida a aljanna. Da sunan abin gudu ne da shi zai fara gyarawa. Haka Fatima daga yaye kalmar ta fito, Abbas mai ɗaure fuska ne, Bakr ɗan raƙumi ne, duk an bar su. Abin da aka canza shi ne suna mai ɗauke da saɓo, ko bauta ga wanin Allah, ko yabon kai, ko muni da tsanani. Yau in Musulmi ya sa wa 'yarsa Khadija ba ƙamus yake nufi ba, uwar muminai yake nufi, kai kuma ga kakarka a kai.

Maganar tsoron kar ya bi yarinya kuwa, a lallashe ta a hankali a nuna mata wannan shi ne camfin da aka hana. Annabi ya ce babu camfi, kuma fata mai kyau tana burge shi, wato kalma mai daɗi. Haihuwar bakwaini tana da sanadinta da ma'aikatan asibiti suka sani, zazzaɓin cizon sauro lokacin ciki, hawan jini, ciwon sanyi da sauransu, maganinsu awo da kulawa bayan addu'a. Sunan uwa ba ya ciki.

Haƙƙin sa suna na uba ne in an yi saɓani, haka malamai suka ce, amma shawara da uwar ita ce kyautatawa. Kuma kar rashin huɗuba ya dame ka, an sa suna ranar haihuwa ya inganta don Annabi a daren da aka haifi ɗansa ya ce na sa masa Ibrahim, an jira ranar bakwai ma ya inganta. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ragon suna ɗaya ne namiji ko mace, kuma ba a lissafa ranar da aka haihu a cikin bakwai ɗin, shi ya sa na alhamis yake faɗawa alhamis. Kana da sauran lokaci.

Maman Ummi (Ngaundare):

Barka kanena Allah raya mana. Malam Allah ya kara ilimi duk abinda ka fada gaskiya ne amma ni dai inaso ince wani abu a matsayina na mace da ta san zafin binne jariri. Wannan yarinyar ba hujja ta rasa ba, zuciyarta ce bata warke ba, ko ka karanto mata Bukhari daga bango zuwa bango in ta tashi cikin dare zata bada nono kalmar nan ce zata fado mata. Ku maza kuna fita kasuwa ku manta na dan lokaci, ita tana daki da abin. Kuma tana cikin jego, jiki ba kwari hankali ba kwance ba, kar ayi mata taron dangi akan wannan.

Kuma ai tsoron nan ba yau aka fara ba, kakannin mu ma sunyi, macen da yaranta ke mutuwa in ta haihu sai kaji ance Ajuji ko Abarta ko Abarshi ko Ayashe, a nuna kamar ba'a damu da yaron ba wai ko mutuwa zata kyale shi. Malamai sun hana wannan kuma sunyi daidai amma ka duba abinda ya kaisu, uwa ce take neman duk abinda zata rike. Inna da kanta ta san wadannan sunayen fiye da mu, in aka fada mata ainihin dalili bana jin zata kasa ganewa, ni zargina ma ba'a fada mata ba, ance mata ne kawai amarya tana son sunan zamani.

Sannan maganar hakki, ni ba malama bace amma a Suratu Ali Imrana matar Imrana ce tace ni na sa mata suna Maryam, uwa ce ta fada kuma Allah ya kawo mana maganar tata. So ba laifi bane uwa ta zaba.

Shawarata a nan, ai ko an saka Hadizatu waye zai kira sunan a gidanku? Inna bazata kira sunan uwarta ba, kai bazaka kira ba, kawunnanka da goggonninka duk alkunya zasuyi, daman dole sai an nemi lakabi. Wasu suce Ummi wasu Mama wasu Dada wasu Kubra. To ku bar mai jego ta zabi lakabin, ayi huduba da Khadija a rada shi ranar suna Inna taji dadi an mayar mata da uwarta, a gida kuma a rika kiran Afnan din. Gidaje nawa ake haka. Ni tawa sunan uwar mijina gareta, ta kusa aure yanzu amma rabin unguwa basu san sunanta na yanka ba.

Dan Kusiri:

Slm. Allah ya raya. Ni zan dan tabo bangaren su Afnan din ne don mu nan gada ce kawai tsakaninmu da Njamena, kullum muna cikin masu jin Larabci, kuma wlh wani sunan da yan uwanmu suke daukowa a waya in Balarabe yaji sai ya sake tambaya don a kunnensa kalma ce ta yau da kullum ba suna ba.

Afnan rassan bishiya ne, yana cikin Suratur Rahman inda ake siffanta gonakin aljanna guda biyu. Tasnim wani marmaro ne a aljanna, Suratul Mutaffifin. Duka biyun ba aibu kuma Larabawa ma suna sakawa, to mai jego bata zabi abu mara kyau ba. Amma dalilin da ta bayar wai ai a Alkur'ani suke shine nake so mutane su daina dogara dashi, don Fir'auna ma yana Alkur'ani, Hawiya da Sakar sunayen wuta ne, Zakkum bishiyar yan wuta ce, kuma Hawiya din in baka sani ba ai dadin fada gareshi kamar sunan mace. Ba'a bude Mushafi a dauki kalma don tayi dadi a baki, a tambayi wanda yasan fassara tukuna.

Irin wannan ne Asiya da malam ya kawo, matar Fir'auna Asiya ce da alif da sinun kuma tana cikin matan da suka fi daraja, waccan da aka canza da ainun da sadi ce, a bakin Bahaushe duk daya suke fita shiyasa wasu ke cewa wai Asiya haramun ne alhali ba haka bane. Haka masu cewa Abdul su tsaya, bawan wa? a cika shi Abdullahi ko Abdurrahman tunda sune Annabi yace sunfi soyuwa a wurin Allah.

Kuma wadannan shafukan na ma'anar sunaye kar a dauke su malamai, suna daya zaka gani nan an rubuta fure can an rubuta gimbiya can kuma hasken wata, kowa kwafar na wani yake. Wannan karon dai sun dace da gaskiya akan Khadija amma rabin gaskiyar suka bata.

Dan Binuwai (Garwa):

Ngd sosai Allah ya saka da alheri. Yaya Maman Ummi kin gano abin, Inna bata san dalilin ba, mai dakina ce ta roke ni kar in fada don kar ace tana camfa sunan surukai. Maganar lakabin ta kwanta min zan gwada mata yau da dare. Amma a takarda wanne za a rubuta? ko duka biyun.

Metir Gidar:

Barka ɗan uwa, Allah ya sa mahaddaciya ce. Tambayarka ta ƙarshe ita ta sa na shigo don ni a lekol, wato makarantar boko, nake aiki kuma wannan matsalar duk shekara sai mun gan ta a aji na ƙarshe lokacin haɗa takardun jarrabawar CEP ta gama firamare. Yaro ya shekara shida muna kiransa da suna ɗaya, a kawo akta, wato takardar shaidar haihuwa ta hukuma, a ga wani suna daban, ko kuma a ce ma ba a taɓa yi masa akta ba, sai an bi ta kotu, uba yana ta zirga-zirga da kashe kuɗi.

Don haka da an watse daga suna kar ka yi nauyin jiki, ka karɓi takardar haihuwa daga asibitin ka kai meri, ofishin magajin gari, tun wa'adi bai wuce ba. Kuma ka je da kanka da sunan a rubuce a hannunka, kar ka aiki yaro ya faɗa da baki. Mai rubutawa da ƙa'idar Faransanci zai rubuta kuma ba lallai Musulmi ba ne, suna ɗaya sai ka gan shi Hadidja, Hadidjatou, Khadidja, Adidja, Kadidja, duk mutum ɗaya ake nufi amma a wurin hukuma biyar ne. Wanda ya fara shiga akta shi zai bi ta zuwa katin ɗan ƙasa da fasfo da takardun makaranta, gyara harafi ɗaya daga baya ba ƙaramin aiki ba ne. Ka karanta kafin ka baro wurin.

Kana iya sa duka biyun, Khadidja Afnan sannan naka, mutane da yawa suna yi. Ni ma abin da zan ba ka shawara ke nan in dai za a riƙa kiranta Afnan a gida, don kar sunan da ta sani ya zama ba ya ko'ina a takarda.

Game da Inna kuma da take ganin an bar al'ada, akwai abin da za ka iya ba ta labari. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, tagwaye ne ita da ɗan uwanta Hassan. Bisa al'ada kowa ya san sunan da za a sa wa 'yar tagwaye, amma Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Ka ga tun wancan zamanin uba yana duba abin da yake fata ga 'yarsa ya zaɓa, ko da ya saɓa wa abin da aka saba. Wannan labarin yana iya zama hujja ga mai jego, yana kuma iya zama hujja ga Inna, don Shehu ma sunan wata baiwar Allah da aka san tarihinta ya ɗauko.

Mai Sunan Dada (Njamena):

Salam, Allah raya baby. Ni Hadiza ce ta yanka kuma sunan kakata aka samin don haka bari in fada muku yadda abin yake daga wajen mai sunan. Ina alfahari dashi sosai, ma'anar nan na dade da saninta tun a islamiyya kuma bata taba damuna ba, na haihu lafiya duk sun cika watanninsu alhamdulillah, a fadawa mai jego wannan in zai kwantar mata da hankali.

Amma ban goyi bayan ayi mata dabara ba. Anty Maman Ummi kiyi hakuri, lakabi yana aiki ne in uwar ta yarda da sunan a zuciyarta. A gida ne kawai ake alkunya, a lekol Khadija za'a kira, a asibiti in ta kaita rigakafi Khadija za'a kwala a gaban mutane, ranar daurin aure ma haka, kuma dangin Inna in sunzo mai sunan Dada zasu rika cewa suna mata hidima ta musamman, wato sunan yana nan ko ba'a furta ba. In har ta amince ne kawai don kunya da gudun surutu to zata hadiye ne ba warkewa tayi ba, irin wannan ne bayan shekaru in an samu sabani kaji mace tace ko sunan yata ba'a barni na zaba ba.

Ni a ganina kaje ka zauna da ita ka karanta mata abinda malam ya rubuta musamman wajen da yace Annabi bai canza ba, ka kyaleta ta kwana dashi kar ka nemi amsa a take. In zuciyarta ta sauko tace a saka to madalla ba abinda yafi. In kuma har yanzu tana jin nauyin abin kabar mata Afnan dinta wannan karon, ba haihuwa ta kare ba in sha Allah, kuma kana da kanne da yan uwa da zasu iya yiwa Inna takwarar. Mamaci addu'a da sadaka yake bukata, ba'a ce sai an maida sunansa zai samu rahama ba.

Abinda ban yarda dashi ba sam shine boyewa Inna dalili. Jikanta ne fa ya rasu itama, ba bakuwa bace a wannan rashin. In kai bazaka iya fada mata ba saboda nauyi ka samu goggonka ko wata babba da Inna take jin maganarta taje ta sameta su biyu, ba a gaban yan barka ba, kuma ayi haka tun yau ko gobe kafin a fara rabon goro ana fadawa mutane sunan, don in Inna ta riga ta sanar da yan uwanta cewa Hadizatu ce ta dawo to janyewa zai mata wuya ko da ta tausaya.